Kurakuran masu yanke wa 'yan fim hukunci kan lafazin Ayalan

Na gaji da jin masu sharhin fim suna cewa "wane bai iya Turancin Ayalan ba", alhali ba su taɓa tambayar na wane gari ba. Mutumin Cork, can kudu, muryarsa hawa da sauka take yi cikin jimla guda. Na Belfast kuwa, can arewa, sai ya zo ƙarshen magana yake ɗaga murya, kuma bakinsa ya ɗauko na Sikotlan tun da aka fara zaunar da 'yan Sikotlan a Ulster, yankin arewacin Ayalan, a 1609. Wanda ya haɗa su wuri guda daidai yake da mai cewa Bakano da Basakkwace bakinsu ɗaya.

Wannan kuskuren ne ya fi ƙona mini rai. A fim ɗin Michael Collins na 1996 kowa ya yi caa a kan lafazin Julia Roberts, Ba'amurkiya, to, ta jawo wa kanta. Amma Liam Neeson fa? Ɗan Ballymena ne, can arewa, ya fito a matsayin Michael Collins, jagoran gwagwarmayar 'yancin Ayalan, mutumin yammacin Cork. Na kusa ɓatawa da wani abokina a kan haka, ya kafe wai tunda ɗan ƙasa ne an gama magana. Haba malam! Takardar haihuwa ce ke magana a fim? Neeson ma koyon bakin Cork ya yi, a kan koyon za ka auna shi. Ni dai kafin in buɗe baki sai na nemo garin da aka reni mutumin da ake kwaikwayo, in kunna rediyon yankin a intanet har kunnena ya saba. In akwai muryarsa a naɗe, shi ke nan. Éamon de Valera, ɗan siyasar Ayalan da Alan Rickman ya kwaikwaya a fim ɗin, an haife shi a New York a 1882, ya tashi a Bruree ta Limerick, jawabansa kuma suna nan. Ka saurara tukuna.

Sai mantawa da zamani. Lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, talakawan yamma da yawa ba Turanci suke yi ba, harshensu na gado suke yi. Ka tashi kana gyara wa manomin Connemara, can yamma, na 1847 Turanci, da wane ma'auni? Haka wanda ya yi hijira zuwa Amurka yana yaro: in bakinsa ya gauraye, daidai ke nan, kada ka ɗauka kasawa ce.

Kada ka yanke hukunci da tallar minti biyu. Kada ka zaci kowa ke mai da "th" ta koma "t", 'yan Ulster da yawa ba sa yi. In kuma fassarar Hausa ka kalla, wadda muryar mai fassara ta danne ta 'yan wasan, don Allah ka yi shiru.