Dodon da ya fi ƙarfin 'yan wasa: sai an rubuta masa duka lambobinsa?

A wasan labari irin Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, jagora ne ke ba da labari, 'yan wasa suna taka rawar jarumai, ana jefa ɗan lido a ga ko abin da suka gwada ya yi. Kowane abokin gaba yana da takardarsa: makin rai (in ya ƙare ya mutu), lambar sulke (wahalar samunsa da duka), ƙarfin duka da sauransu. To, jagoran wasa da ke zaune a ƙauyen Ringim ko Bichi, wanda dokokin suna cikin waya kuma cajin wayar ma sai an kai shago, ya dace ya ɓata dare yana kwafe wa ƙaton dodo shafi guda? Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: 'yan wasanka za su iya kashe shi a matakin ƙarfin da suke? In za su iya, ko da kyar ne, rubuta komai. In ba za su iya ba, kada ka wahalar da biro.

Duba Tarrasque, wani ƙaton dodo, a bugu na biyar na wasan, na 2014. Makin ransa 676, sulkensa 25, yana kai hari biyar a zagaye guda, cizonsa kaɗai yakan ci maki 36, kuma makamin da ba na tsafi ba bai ko ƙwarzane shi. Mayaƙi ɗan matakin farko kuwa ransa bai wuce 12 ko 13 ba. Duk jifan ɗan lido da za a yi a wannan faɗa ɓata lokaci ne, sakamakon sananne ne tun kafin a shimfiɗa tabarma. Akwai kuma wata illa. Da zarar ka ce "kun rage masa maki takwas", ka shaida wa yaran cewa yana mutuwa, sai su tsaya su yi ta sara har a gama da su. An ga haka bayan 1980, da aka buga lambobin alloli na tatsuniya: 'yan wasa suka mayar da su abin farauta.

Abin da za ka rubuta ba zai cika rabin fallen littafin makaranta ba. Me dodon yake so? Shanun garin ne, ko layar da ɗaya daga cikinsu ya ɗauko? Wannan ne ke ba su ƙofar ciniki ko yaudara. Sai alamominsa guda uku da za su gani kafin su gamu da shi, alal misali kukar da aka tsaga biyu, rijiyar da ta ƙafe dare ɗaya, da maharbin da kowa ke shakka ya dawo ba kwari ba baka, bakinsa na rawa. Kada ka tsallake wannan. Mafi yawan rigimar "ai zalunci aka yi mana" daga rashin gargaɗi take tasowa. Sannan abin da yake yi kowane zagaye, a jimla ɗaya: yana rusa katanga, yana haɗiye doki.

Lambobin sai ka mayar da su kan abin da 'yan wasa za su yi. Zana da'ira a ƙasa, ka raba ta gida shida. Gefe guda kuma ka aje ƙwayar wake huɗu. Kowa ya faɗi dabararsa, ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin, sai ya kai lambar da ake nema ko ya wuce ta ya ci: 10 ga abu mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Wanda ya ci ya ɗauke wake ɗaya. Waken ya ƙare, sun tsira. Wanda ya faɗi, sa tsakuwa a gida ɗaya, kuma ka karɓi wani abu a hannu: jakin kaya, fitila, ko rabin makin ransa. Da'ira ta cika, dodo ya cim musu. Kada faɗuwar farko ta zama mutuwa, don Malam Sani da ya taka daga unguwar gabas bai zo ya zauna kallo ba. In ɗan lido mai fuska shida kawai gare ku, ku jefa uku ku haɗa, matsakaicinsu ɗaya ne da na mai ashirin, sai dai 20 ba ta samuwa, don haka mai wuya ya zama 15, matsakaici 12.

Wani lokaci kana so su iya raunata shi ya ja da baya. A nan lamba huɗu ta wadatar: sulke, ƙarin da yake samu wurin kai hari, yawan ɓarnar dukansa, da adadin raunin da zai sa ya gudu, a ce 40.

Wurin da jagora ke tuntuɓe shi ne in wani ya kawo dabarar da ba a zata ba, ya ce zai ja dodon kan tsohuwar rijiya ya rufta. Tunda ba takarda, ran mutum yakan raya masa ya ce "bai yi ba" kawai. Ba shi jifa, in ya ci ka ɗauke masa wake biyu. Ranar da suka haura matakai suka ce za su koma neman dodon, a ranar ce za ka zauna ka cika masa takarda, ka tabbata lambobin sun yi daidai da ɓarnar da suka gani da idonsu a karon farko.