Yadda na yanka wa sabunta kwamfuta dare ɗaya a wata

Daren da zan miƙa sakamakon jarrabawar ɗalibaina da safe, na tashi sallar isha'i na bar kwamfuta a kunne kan tabarma. Ina dawowa na tarar ta fara sabunta kanta, ɗigo-ɗigo suna zagayawa a fuskarta, ta rubuta kashi 27 cikin ɗari, wai kada in kashe. An ɗauke wuta tun la'asar, batirin 'yar kwatanon tawa kuwa ko awa guda ba ya kaiwa. Haka na rungume ta a buɗe, kamar mai ɗauke da farantin miya, na nufi shagon mai caji a bakin layinmu. Mutumin na shirin kashe janareta, na ce, "Malam, don Allah ka yi mini minti talatin." Sai da muka yi awa ɗaya da rabi.

In za a bi gaskiya laifina ne. Ta fi mako tana neman in ba ta lokaci, ni kuma kullum sai in danna "anjima". Tun daga ranar na daina wasan ɓuya da ita, na zauna na tsara mata lokacinta. Abin da zan faɗa na Windows 11 ne, amma mai Windows 10 zai sami kusan duka a ƙarƙashin Update & Security.

Ka fara da maganar data, don nan ne abin ya fi ciwo. Yawancinmu da wayar hannu muke ba kwamfuta intanet, ita kuwa ba ta san cewa awo ake yi maka ba. Da ta ga hanya sai ta buɗe baki, ka sayi datar wata ka wayi gari babu rabi. Danna maɓallin Windows tare da harafin I, Settings zai buɗe. Shiga Network & internet, sannan Wi-Fi, ka zaɓi sunan wayarka, ka kunna Metered connection. Ka gaya mata ke nan cewa wannan intanet ɗin da mudu ake auna shi. Daga nan za ta dakatar da yawancin abin da take saukewa a ɓoye, sai 'yan gyare-gyaren da take ganin ba makawa. Abu ɗaya da ya taɓa yaudarata: kowace hanyar Wi-Fi da nata saitin. Ranar da babban ɗana ya canza wa hotspot ɗin wayata suna, kwamfuta ta ɗauke shi baƙo, ta koma cin data kamar da. Haka in ka haɗa da wayar maiɗakinka, sai ka sake kunnawa a can.

Kafin ka bar Settings, leƙa Windows Update, ka shiga Advanced options. Ka tabbata layin da ke maganar saukewa ta metered connections a kashe yake. A can ƙasa akwai Delivery Optimization, wanda ke barin kwamfutarka ta yi musayar fayilolin sabuntawa da wasu kwamfutoci. Ni na kashe shi, ba ni da datar sadaka.

A wannan shafin dai za ka ga Active hours, wato awannin da kake aiki, waɗanda ba za ta kashe kanta ta sake tashi a cikinsu ba. Mayar da shi Manually ka sa da hannunka. Iyakarsa awa 18, don haka na sa nawa daga shida na safe zuwa sha biyun dare. Ka kuma kunna wanda ke cewa ta sanar da kai in tana buƙatar sake tashi. Da na san wannan tun farko, da ban tsayar da mai caji ba.

To, ga abin da ya fi yi mini amfani. Kamfanin Microsoft ba kara zube yake sakin gyare-gyaren tsaro ba. Tun 2003 yake da rana: Talata ta biyu a kowane wata, kuma a agogonmu abin yana faɗowa ne wajen magariba. In ka san ranar kasuwa, ba za ta riske ka ba shiri ba. A shafin Windows Update akwai Pause updates, za ka iya dakatar da komai har mako biyar. Tsakanin Talatar wannan wata da ta wata mai zuwa kuwa mako huɗu ne ko biyar, ka ga ya yi daidai. Ni ba na taɓa ta ranar Talatar. Ina bari sai daren Asabar, in akwai gyaran da ya zo da matsala, waɗanda suka riga ni sun ɗanɗana, an kuma ji labari. Ranar sai in cika batir, in sayi datar dare mai araha, in adana duk aikin da ke buɗe, in kashe Metered connection, in danna Resume updates. Ta gama, ta sake tashi sau ɗaya ko biyu, in mayar da komai yadda yake, in sake dakatarwa. Kada ka yi tsammanin za ka yi ta jera dakatarwa har abada: in wa'adin ya cika sai ka sabunta kafin ta yarda ka ƙara.

Wani mai gyara ya taɓa ce mini, "Yallabai, kawo in kashe maka shi gaba ɗaya ka huta." Na ƙi, kuma ina da dalili. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace. Asibitoci a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ƙofar da ta bi ta shiga kuwa tun watan Maris aka fitar da gyaranta, waɗanda abin ya ci ba su saka ba ne. Kwamfutar da nake shiga asusun bankina da ita, kuma yara ke soka mata filashin kowa da kowa, ba zan bar ta haka ba.

Sauran masu damunka ba Windows ba ne, ƙananan manhajoji ne da kowace ke son a san da zamanta. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Startup apps, ka hana duk wadda ba ka buƙata tashi tare da kwamfuta. Wadda ka shekara ba ka buɗe ba, cire ta. Chrome da Edge kam ka ƙyale su, da kansu suke sabuntawa ba hayaniya.

Sanarwar da ta fito daga cikin shafin intanet, da jan rubutu da ƙirgen daƙiƙoƙi, tana cewa kwamfutarka ta tsufa ka danna nan, wannan tarko ne. Na taɓa riƙe hannun autata saura ƙiris ta danna. Sabuntawa ta gaskiya a Settings take zaune.

Masu Windows 10 kuma da ake ta yi wa tallar Windows 11: an daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da ake kira ESU. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, kuma in injin Intel ne, yawanci daga ƙarni na takwas zuwa sama. 'Yan kwatano da yawa ba su kai ba. Manhajar PC Health Check za ta faɗa maka matsayin taka kafin ka ɓata data.

In ka sabunta sai wani abu ya daina aiki, kamar yadda firinta kan yi gardama, shiga Update history, ka gangara zuwa Uninstall updates, ka cire na baya-bayan nan. In kuwa tana tsakiyar aiki, ko ta daɗe a kan lamba ɗaya, kada ka danne maɓallin kashewa. Nemi caji, ka ba ta lokaci. Ni yanzu lambar mai cajin nan tana cikin wayata, kuma ranar Asabar ɗin tun da yamma nake kai masa kwamfutar ta cika.