Idan ana cin zalin yaronki a makaranta

Uwa, yaro ba ya zuwa kai tsaye ya ce miki ana cin zalinsa, sai dai ki gani a jikinsa. Yau ciwon ciki gobe ciwon kai, ranar Asabar kuma garau yake. Ko kudin tara ya daina isarsa ya dawo gida da yunwa, ko rigar makaranta a yage ya ce wai faduwa ya yi.

Kar ki fara da fada. Bari sai ya ci abinci hankalinsa ya kwanta ki tambaye shi a hankali wa yake zama da shi lokacin tara, wa ke karbe masa kudi, kuma don Allah kar ki ce masa "kai ma ka rama", babban yaro ne fa ake magana.

Ki je makarantar da kanki ki samu malamin ajinsu, in bai dau mataki ba ki wuce wajen hedimasta, ki rubuta ranar da abin ya faru. A makarantun kwana siniyoyi sun fi yin wannan, ranar ziyara ki duba bayansa da kafafunsa. Idan kuma a Keke Napep ne ko hanyar Islamiyya, hada shi da 'yan unguwarku su rika tafiya tare.