Ɗanyen nama ga kare: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Duk inda masu karnuka suka haɗu, ko 'yan farauta ne ko masu karen gadi irin su German Shepherd da Boerboel, sai maganar ɗanyen nama ta taso. Wani ya ce shi ne asalin abincin kare, yana sa gashi sheƙi, yana sa ƙarfi. Wani ya ce kashe kare ake yi da shi a hankali. Yayin nan ba daga wajenmu ya faro ba. Wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, shi ne ya yaɗa shi da littafin da ya fitar a 1993, daga nan ya bazu Turai da Amurka, yanzu kuma ya iso wayoyinmu ta Facebook da TikTok.

Abin da masu kwaikwayo ke mantawa shi ne, naman da Bature ke zuba wa karensa ya fito daga mayankar da likita ya duba, an ɗaure shi a leda, ya zauna cikin sanyi tun daga masana'anta har gida. Duk da haka, lokacin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfur 196 na irin wannan abinci tsakanin 2010 da 2012, ta samu ƙwayar cutar salmonela a 15, ƙwayar cutar listeriya a 32. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fito ta ce ba ta goyon bayan a ba karnuka da kyanwoyi ɗanyen nama. To, ina ga namu?

Abin da mahauci ya ƙi sayar wa mutum

Babban kuskure, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne a je kwata a ce "a ba ni na kare." Kowa ya san abin da ake nufi: huhun da ya yi ƙulle-ƙulle, hantar da ke da ƙurji, saifa, da duk abin da mahauci ya yanke ya jefar don mai saye ba zai karɓa ba. Yana da araha, wani lokaci ma kyauta ne. Amma dalilin da ya sa aka ware shi bai gushe ba don kawai kare ne zai ci.

Akwai wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki da ake gani a huhu da hantar tumaki, shanu da raƙuma. 'Ya'yan wata ƙaramar tsila ce da likitoci ke kira ekinokokus. Idan kare ya ci wannan huhu ɗanye, tsilar na girma a hanjinsa, tsawonta bai wuce 'yan milimita ba, kuma shi karen lafiyarsa ƙalau za a gan shi. Ƙwayayenta ne ke fita da kashinsa, su zauna a ƙasar tsakar gida, su maƙale a gashinsa, su hau ganyen da aka shuka a bayan gida. Yaro ya shafa kare ya kai hannu baki, shi ke nan. A jikin mutum ƙullin na girma shekara da shekaru a hanta ko huhu ba tare da an sani ba, sai ranar da ciki ya kumbura ko tari ya ƙi jin magani, kuma sau da yawa sai an kai ga tiyata. Yankin Turkana na ƙasar Kenya ya yi suna a duniya kan wannan ciwo, saboda kusancin makiyaya da karnukansu da kuma jefa musu kayan ciki. A Sudan ma sananne ne a jikin raƙuma. Akwai 'yar'uwar wannan tsila da ke yin ƙulli a ƙwaƙwalwar tunkiya har ta riƙa juyi a wuri ɗaya. Ita ma kare ne ke ɗaukar ta idan an jefa masa kan, ya mayar wa garke ta kashinsa. Makiyayin da ya ba karensa kan irin wannan tunkiya, kansa ya cuta.

Gyaran ba wuya. Duk kayan cikin da ka ga ƙulli ko ƙurji a jikinsa, a ƙone shi ko a binne shi da zurfi inda kare ba zai tono ba. Wanda ya fito lafiya kuwa a yanka shi ƙanana a tafasa kamar minti talatin. Sannan a kula da maganin tsutsa. Mutane da yawa sun dogara da allurar aibamektin, alhali ita ba ta kashe tsila. Maganin tsila shi ne wanda ke da sinadarin farazikwantel, sai a duba jikin kwali ko a tambayi likitan dabbobi. Kare mai zaman gida, duk wata uku ya wadatar. Mai yawo ko mai zuwa farauta yana bukatar fiye da haka.

Mushe

Tunkiya ta mutu da dare, ko kaji sun zube a gona, sai a ce kada a yi asara, a ba karnuka. Wannan kam ko dafawa ba ta halatta shi. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini mai duhu na fita ta hanci ko dubura kuma ba ya daskarewa, ana zargin ciwon saifa ne, wanda a Yulin 2023 gwamnatin Najeriya ta tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja, Jihar Neja. Irin wannan ko feɗe ta ba a yi, don buɗe cikin ne ke sa ƙwayar cutar ta bazu a ƙasa, ta kuma daɗe shekaru ba ta mutu ba. A kira jami'in dabbobi. Haka ɗan tayin da saniya ko akuya ta zubar, da mahaifarsa: hanya ce ta ciwon bakkale, wanda ke kama kare, ya kama mutum. Matattun kaji kuma, ban da murar tsuntsaye da muka sani tun ɓullarta a Jaji ta Jihar Kaduna a 2006, ruɓaɓɓen nama na iya ɗauke da dafin da ke shanye ƙafafun kare, ya fara daga na baya ya hauro.

Sanyi ba wuta ba ne

Wasu suna ganin in dai nama ya kwana a firiza ya zama tsarkakakke. Sanyi yana tsayar da ƙwayoyin cuta ne, ba ya kashe su. Da naman ya narke za su ci gaba daga inda suka tsaya. Ga kuma halin wutarmu: a kawo, a ɗauke, nama ya narke ya sake daskarewa sau nawa kafin a kai ga ƙasan firizar. Ƙa'idar masana abinci ita ce kada nama ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. A watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri na wuce digiri 40. Mai zuba ɗanyen nama da safe ya tafi kasuwa, kare ya ci rabi ya bar rabi ƙudaje na bi har la'asar, ya san abin da ya bari a kwanon.

Kuma sau da yawa ba karen ne ke kwanciya ba. Babban kare mai lafiya na iya ɗaukar salmonela ya riƙa fitar da ita a kashi ba tare da ko gudawa ba. Masu shan wahala su ne jariri mai rarrafe, mai juna biyu, tsoho, da mai ciwon da ya raunana garkuwar jiki. Gidan da ke da ɗaya daga cikin waɗannan, ni a ganina babu wata muhawara: a dafa. A ware wa kare wuƙarsa da kwanonsa, kada a wanke su tare da na gida, a kwashe kashinsa kullum, a wanke hannu da sabulu.

Tsoka zalla ba abinci ba ce

Wannan kuskuren masu hali ne, waɗanda suka sayi ɗan kwikwiyo da tsada suna so su gatanta shi. Sai a riƙa ba shi jan nama safe da yamma, ba komai a kai. Bayan 'yan watanni ƙafafu su fara lanƙwashewa, ya riƙa ɗingishi, wani ma ƙashi ya karye daga ɗan tsalle. Daga nan a ce mai sayarwa ya yi ha'inci, ba irin ƙwarai ba ne.

Ba iri ba ne, kalsiyam ne. Jikin kare na bukatar kalsiyam da fosfaras, sinadaran da ke gina ƙashi, kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan ɗara. Tsoka kuwa fosfaras ɗinta ya ninka kalsiyam fiye da sau goma. Idan jini ya rasa kalsiyam daga abinci, sai jiki ya riƙa zaƙulo shi daga ƙashi, ƙashin da bai gama ƙwari ba. Ga babban kare da ake dafa wa abinci a gida, ɓawon ƙwai da aka tafasa, aka busar, aka daka ya yi laushi yana toshe wannan giɓi: kamar rabin ƙaramin cokali a kan rabin kilo na nama. Kwikwiyon manyan karnuka kuwa lamarinsa da wuya, don yawan kalsiyam ma yana lalata masa gaɓoɓi kamar yadda ƙarancinsa ke yi. Shi kam ko dai a saya masa abincin buhu da aka haɗa don kwiyakwiyai, ko likita ya auna masa, har ya shekara.

Hanta ma ana wuce gona da iri da ita saboda karnuka na son ta. Bitamin A ya yi mata yawa, kuma ba ya fita da fitsari, taruwa yake yi. Ɗan yanki sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Maƙogwaron sa da naman wuya da ake saye da araha kuma sukan zo da ragowar wata halitta mai sarrafa ƙonewar abinci a jiki. Karen da ke cin su kullum sai ya riƙa ramewa yana haki da shan ruwa alhali yana ci sosai.

Masu cewa ai kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya cin tuwo, sun faɗi rabin gaskiya. Binciken da masana na Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka wallafa a 2013 ya nuna ƙwayar halittar da ke narkar da sitaci guda biyu ce a jikin kyarkeci, a kare kuwa daga huɗu har zuwa talatin. Dubban shekarun da ya yi yana cin ragowar mutane sun sauya masa ciki. Karnukan ƙauyukanmu da suka tashi da tuwo da ƙanzo shaida ne, sai dai su kuma naman ne ya yi musu kaɗan. Shinkafa, tuwon masara ko na dawa, dankalin Hausa, kabewa, karas, dafaffen ƙwai, da nama ko kifin da aka cire wa ƙaya: haɗin da ya fi tsoka zalla nesa ba kusa ba. Yawan abincin babban kare a yini ana fara auna shi daga kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa, wato mai kilo 30 zai ci gram 600 zuwa 900, sai a ƙara ko a rage gwargwadon yadda haƙarƙarinsa ya nuna. Ya kamata hannu ya ji su, ido kada ya ƙirga su daga nesa.

Ƙashi fa?

Nan ne kaɗai tukunya ke ɓata abu maimakon gyara shi. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa da kaifi, ya soki maƙogwaro ko hanji, ko ya cushe kare ya kasa kashi. Idan an dafa kan kaza da ƙafafu, a zare ƙasusuwan. Ƙaton ƙashin ƙafar sa, ɗanye ko dafaffe, shi kuma haƙori yake fasawa, babban turmin nan na sama. Wanda ya nace sai karensa ya gwaguyi ƙashi, ya zaɓi wanda ya fi ƙarfin a haɗiye shi, ya tsaya a kansa, ya ɗauke bayan ɗan lokaci.

Ragowar tsire da balangu da miyar gida su ma ba na kare ba ne. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa jajayen ƙwayoyin jininsa, sai a ga dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu bayan kwana biyu ko uku. Ga gishiri da dunƙule da yaji. Da Babbar Sallah kuma, lokacin da kitse ya yi yawa a gida aka rasa yadda za a yi da shi, kada a juye wa kare. Cin kitse da yawa lokaci guda na kumbura masa wata gaɓa da ke kusa da tumbi, ya yi ta amai yana ƙudundune ciki, wani ba ya tashi.

Saura maganar da ta fi kowace yawo a bakin masu karen gadi: wai jini da ɗanyen nama ne ke sa kare zafi. Babu abin da ya haɗa su. Zafin kare daga irinsa ne da horon da ya samu. Wanda ake ɗaurewa cikin rana, a bar shi da yunwa, a zuba masa barkono a abinci don ya yi faɗa, ba gadi ya koya ba, tsoro ya koya, kuma mai gidan da 'ya'yansa ne suka fi kusa da bakinsa. Haka nan dafa nama ko barin sa ɗanye ba ya hana ciwon hauka. Wannan sai allurar rigakafi duk shekara, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke cikin masu yin ta, kuma ana samu a asibitocin dabbobi.

Karen da ya saba da ɗanye, kada a sauya masa rana ɗaya, cikinsa zai ɓaci. A fara da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon abincin a gauraya da tsohon, a riƙa ƙarawa har mako ya cika. In gudawa ta wuce kwana biyu, ko aka ga jini a kashi, ko kwikwiyo ne ya daina ci yana amai, a kai shi wurin likita a ranar, kada a tsaya jiƙa masa kafso na mutane.