Yadda Za Ka Ɗauki Tarihin Dattijon da Ya Shiga Soja a Lokacin Yaƙin Basasar Najeriya

A zangunan Kumasi, musamman Aboabo da Asawase, akan sami dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a Arewacin Najeriya, ya kai kansa aikin soja a lokacin yaƙin Biyafara, daga baya fataucin goro ko na shanu ya kawo shi Gana ya zauna. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 18 a 1967 yanzu ya doshi tamanin, saboda haka duk mai niyyar rubuta labarin irin wannan mutum bai kamata ya jinkirta ba.

Kafin ka je gare shi, ka riƙe jerin abubuwan da suka faru, domin tsoho yakan tuna wuri da damina ko rani, amma shekara takan kuɓuce masa. An kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin Janairun 1966, aka yi juyin mulki na biyu a watan Yuli, sannan aka yi wa 'yan ƙabilar Ibo kisan gilla a garuruwan Arewa a wannan shekarar. A nan Gana, a garin Aburi, Janar Ankrah, shugaban Gana na lokacin, ya haɗa Yakubu Gowon, shugaban mulkin sojan Najeriya, da Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967 don neman sulhu, amma yarjejeniyar ba ta ɗore ba. Ojukwu ya yi shelar kafa Biyafara ranar 30 ga Mayu, aka fara gwabzawa ranar 6 ga Yuli, Biyafara kuma ta miƙa wuya ranar 15 ga Janairun 1970. Kada kuma ka rikita wannan yaƙi da na Boma, wanda sojojin Gwalkwas, wato Gana kafin 'yancin kai, suka yi wa Ingila a yaƙin duniya na biyu. Mazan jiyan Boma tsara ce ta daban, kuma daga yaƙinsu ne barikin Burma Camp na Accra ya samo suna.

Kada ka je masa kai tsaye da waya a hannu. Ka bi ta hannun ɗansa ko limamin masallacin da yake salla, ka kai gaisuwa da goro, zuwan farko kuma ya tsaya a gaisuwa da bayyana niyya. Sai ya amince za ka ce, "Baba, idan kun yarda zan naɗi muryarku, kuma duk abin da kuka ce a cire, za a cire." Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi, bayan ya sha koko, ko tsakanin la'asar da magariba, kuma zama ɗaya kada ya wuce awa guda.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce dalilin shigarsa, kuma a nan ne yawancin masu ɗaukar tarihi suke yin gaggawa. Idan ka tambaye shi, amsar farko ita ce kishin ƙasa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai rundunar sojan Najeriya da ba ta wuce mutum kusan 10,000 ba kafin yaƙi ta kai kusan 250,000 a ƙarshensa, kuma taro mai wannan yawa ba dalili ɗaya ne ya tara shi ba. Akwai wanda zafin kisan Sardauna ya tunzura, akwai wanda albashi da kaki suka ja, akwai wanda ya ga abokansa sun tafi ya ji kunyar zama a gida. Saboda haka kada ka musa masa, ka dai sauko da tambayar ƙasa: wace sana'a yake yi a lokacin, wa ya fara ba shi labarin ana ɗaukar kurata, mahaifiyarsa ta sani ko kuwa sulalewa ya yi, da wa suka tafi, wa ya dawo a cikinsu. A ganina amsar waɗannan ƙananan tambayoyi ta fi dogon jawabi kan haɗin kan ƙasa daraja, domin ita ce ba za ka samu a wurin kowa ba sai shi.

Daga nan ka bi shi zuwa horo, ko a Zariya ko wani bariki, da tsawon makonnin da ya yi, sannan ka tambayi rundunarsa. Idan ya ambaci Muhammadu Shuwa, runduna ta 1 ce, wadda ta kama Inugu a Oktoban 1967. Idan ya ce Murtala Muhammad, ta 2 ce, wadda ta sha wuya wajen ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara zuwa Anaca, aka kuma yi wa ayarinta kwanton ɓauna a Abagana a Maris na 1968. Idan kuwa ya ce Adekunle ko Obasanjo, ta 3 ce, ta ɓangaren Kalaba da Fatakwal. Da sunan kwamanda da na gari za ka iya gano shekarar da yake magana a kai.

Akwai wuraren da zai yi shiru. A Asaba sojojin tarayya sun kashe fararen hula masu yawa a Oktoban 1967, yunwa kuma ta hallaka ƙananan yara ba adadi a yankin Biyafara. Idan ya kai bakin irin wannan magana ya tsaya, kada ka matsa, kada kuma ka cike masa shirun da naka zance. Ka jira, idan ya sauya magana ka bi shi, wataƙila a zama na uku ya koma da kansa.

Ka nemi izinin ɗaukar hoton takardar sallamarsa da lambar sojansa da duk wani tsohon hoto da ya adana. A ranar da kuka yi hira ka rubuta ta da kalmominsa, har da Hausar bariki irin su kofur da saje da samanja, ba tare da ka gyara masa harshe ba. Ka ajiye muryar a wuri biyu, ka ba iyalinsa kwafi ɗaya, sannan ka koma ka karanta masa abin da ka rubuta kafin wani ya gani.