Darasi na 9: Zaɓe da Haɗa Ɗan Teburin Gefen Kujera

A kowane falo akwai ƙananan kayan da ba su da mazauni: rimot, cajar waya, tabarau, makullai, littafin da ba a gama karantawa ba. Yau suna kan kujera, gobe a tsince su ƙarƙashinta. Ɗan teburin da ake ajiyewa a gefen kujera, mai durowa ko 'yar ƙofa, shi ke tattara su wuri guda. Da yawa daga cikin teburan nan a kwali ake sayar da su a wawware, wanda ya saya shi zai haɗa abinsa. Karatun lambobi da awon da muka koya a baya, a nan za su yi muku rana.

Kafin ku fita saye

Ku ɗauko tef ɗin awo, ku auna daga ƙasa zuwa saman hannun kujera. Wannan lamba ita ce uwar sauran. Teburin da ya dace shi ne wanda tsayinsa ya yi daidai da hannun kujerar, ko ya gaza shi da kamar santimita 5. In ya fi tsayi, gwiwar hannu za ta riƙa bugun kofi. In ya yi ƙasa sosai, sai an sunkuya kafin a ɗauki abu, kuma tsofaffi ne ke shan wahalar hakan. Yawancin teburan nan tsayinsu na tsakanin santimita 50 zuwa 65.

Sai ku auna faɗin gurbin da zai zauna. Kada ku manta da gabansa, domin durowa sai ta samu inda za ta fito. In mai ƙofa ne, ku duba ta wane ɓangare take buɗewa, kada ta riƙa cin karo da kujera. Ku rubuta lambobin a takarda, kada ku dogara da ido.

A jikin kwali za ku ga lambobi uku jere, misali 40 x 35 x 55. Sau da yawa akwai harufa tare da su: W na faɗi, D na zurfi daga gaba zuwa baya, H na tsayi. Ku lura ko da santimita aka rubuta ko da inci, don inci 1 daidai yake da santimita 2.54. Tebur mai inci 22 ya kai kusan santimita 56.

Irin katakon

Akwai katako tsantsa, mai nauyi da ƙarko, wanda ko ya karce ana iya goge shi a sake masa fenti. Akwai filawud, wato siraran fallayen katako da aka liƙa bisa juna, shi ma yana riƙe sukuru da kyau. Sannan akwai allon da aka yi da garin katako ko ɓarɓashinsa, aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe samansa da leda mai sheƙi. MDF na cikin wannan rukuni, kuma yawancin teburan kwali da irinsa ake yi. Ba laifi ba ne a saye shi, amma ku sani ruwa ne abokin gabarsa. Da zarar ya shiga ta gefen da ba a rufe ba, allon zai kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. A ganina, inda akwai yara masu zubar da ruwa, gara a nemi filawud ko katako tsantsa. In kuwa na garin katako ne ya samu, ku zaɓi mai kaurin milimita 15 zuwa 18, wanda aka rufe gefunansa duka.

Haɗawa

Ku shimfiɗa kwalin a ƙasa ku yi aiki a kansa, don kada fuskar allunan ta karce. Ku zazzage ƙananan ƙarafa cikin faranti, nesa da yara, saboda ƙaramin yaro na iya haɗiye su. Sai ku buɗe takardar bayani, ku ƙirga kowane abu ku gwada da adadin da aka rubuta. In an ce sukuru 8 ne kuka ga 7, yanzu ne lokacin komawa wurin mai kaya, tun ba a ɗaura komai ba.

Abubuwa uku za ku fi cin karo da su. Akwai 'yan gajerun turakun katako masu tsaga-tsaga, waɗanda ke shiga rami su daidaita allo da allo. Akwai ƙarfe mai kai da ake murzawa a jikin allo ɗaya, da wani ɗan zagayayyen ƙarfe kamar kwabo mai kauri da ke zama cikin ramin ɗaya allon. A fuskar zagayayyen akwai 'yar kibiya. Ku sa kibiyar ta kalli ramin da kan ƙarfen zai shigo, ku haɗa allunan, sannan ku juya zagayayyen dama da sukuddireba kamar rabin zagaye. Za ku ji ya cije. Daga nan ku tsaya.

A kan wannan tsayawa nake so in ja kunnenku. Lokacin da na haɗa teburina na farko, na ɗaure kowane sukuru tamau tun daga farawa. Da na zo allon ƙarshe ramuka suka ƙi haɗuwa, na dage da ƙarfi, sai wani sukuru ya cinye raminsa ya koma juyawa a banza, garin katako na zubowa. Da tsinken ashana da gam na cike ramin, na jira ya bushe har washegari. Saboda haka ku ɗaura komai sako-sako tukuna. Sai gangar jikin ta tsaya gaba ɗaya, sannan ku bi ku ƙarasa matsewa da hannu. Kafin ku haɗa kowane allo kuma, ku duba gefensa mai rufi yana kallon gaba, maras rufi yana baya.

Siririn allon baya shi ke hana tebur karkacewa. Kafin ku buga masa ƙusa, ku auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ku auna ɗaya gicciyen. In lambobin biyu sun zo ɗaya, teburin ya miƙe. In sun bambanta, ku ɗan tura doguwar kusurwar har su daidaita. Ƙarafan da durowa ke gudu a kai galibi suna da harafi: L na hagu, R na dama, tayarsu kuma tana wajen gaba a jikin tebur. Durowar da ke cijewa, yawanci musanya su aka yi.

Kaya masu nauyi a ƙasa za su zauna. In teburin siriri ne mai tsayi, kuma akwai yaro mai rarrafe, ku ɗaure shi da bango, domin yaro na jan durowa ya rataya a jikinta. Magani kuma ba a ajiye shi a durowar da hannun yaro ke kaiwa. Bayan wata guda ku sake bin sukurorin, amfani na sa su saki.

Aikin gida

Ku auna hannun kujerarku, ku rubuta da santimita. Idan hannun kujera santimita 60 ne, aka kawo muku tebur mai inci 20 da wani mai inci 23, wanne za ku ɗauka? Ku zo da lissafinku a darasi na gaba.