Yadda za ka tafiyar da ranarka ta farko a ajin yara idan ka je koyar da Turanci a Biyetnam

Yawancin sababbin malaman Turanci a Hanoi da Ho Chi Minh a cibiyoyin koyon harshe suke fara aiki, inda iyaye ke kawo yara da yamma bayan an tashi makaranta, da kuma ranakun Asabar da Lahadi. Darasi ɗaya kan kai minti 90, yaran kuma ba su cika wuce ashirin ba. Idan makarantar firamare aka tura ka, darasin minti 35 ne, sai dai aji na iya haura yara arba'in. Tun shekarar karatu ta 2022-2023 Turanci ya zama dole daga aji uku, shi ya sa iyaye ke rige-rigen sa 'ya'yansu tun suna da shekara huɗu ko biyar. Ajin waɗannan ƙananan ne ya fi ba sabon malami wuya, don haka a kansu za mu tsaya.

Aikin ranar farko shi ne yara su san yadda ajinka yake tafiya: yaushe ake tashi, yaushe ake zama, me ake yi idan ka ɗaga hannu. Kalmomin da za su koya ranar ba za su wuce biyar ko shida ba, kuma hakan ya isa.

Kafin yara su iso

Ka isa wurin minti 45 kafin lokaci. Wadda za ka fara nema ita ce mataimakiyar aji, 'yar ƙasar, wadda suke kira trợ giảng. Ka karɓi jerin sunaye daga hannunta, ka tambaye ta wane yaro ne mai kuka, wane ne ba ya zama wuri ɗaya, da wace alama malamin da ya gabace ka yake sa su yin shiru. Sannan ku yi yarjejeniya ɗaya: ba za ta fassara maganarka ba sai ka yi mata alama. Idan tana fassara duk abin da ka faɗa, cikin mako biyu yaran za su daina sauraronka, su riƙa jiran bakinta.

Sunan ɗan Biyetnam da na dangi yake farawa, kuma Nguyễn ya cika ko'ina, don haka kada ka kira yaro da shi. Kalmar ƙarshe ita ce sunan da ake kiransa. Harshen yana da karin sauti, guda shida a lafazin Hanoi, kuma a nan Bahaushe yana da sa'a, tunda kunnensa ya riga ya saba bambanta wuyan jiki da wuyar aiki. Ka sa mataimakiya ta faɗi kowane suna, ka maimaita har ta gyaɗa kai. Rubuta sunayen a kan takarda mai kauri, ka lanƙwasa ta ta tsaya a gaban kowa. Ka kuma koyi đi vệ sinh, wato zuwa ban ɗaki, domin yaron da ya matsu ba zai jira ka gane ba.

Gwada lasifika da kwamfuta tun yanzu. Ka zo da makar allo biyu naka, da katunan hoto masu girman da na bayan aji zai gani. Azuzuwan ƙanana da yawa ana cire takalmi a ƙofa, saboda haka a duba safa.

Minti goma na farko

Tsaya a bakin ƙofa, ka durƙusa idonka ya yi daidai da na yaro, ka ce "Hello" tare da ɗaga hannu. Wasu ba su taɓa ganin baƙar fata kusa ba. Wani zai shafa hannunka ya duba yatsunsa, wani zai ɓuya bayan uwarsa ya fashe da kuka. Kada ka bi mai kuka da rarrashi, kusantarsa ƙara masa tsoro take yi. Bar shi wurin mataimakiya a gefe, inda zai riƙa ganin 'yan'uwansa suna dariya. Yawanci da kansa yake matsowa.

Hannunka ma yana magana. Idan za ka kira yaro, tafin hannu ya kalli ƙasa ka yafito shi, domin kira da yatsa ɗaya a sama raini ne. Harɗe yatsa biyu da Turawa ke yi don fatan sa'a kuwa alamar batsa ce a can.

Daga nan sai umarni huɗu: "Stand up", "Sit down", "Look", "Listen". Faɗi, ka aikata da jikinka, su kwaikwaya. Wannan ita ce hanyar TPR da James Asher ya fito da ita a shekarun 1960, wato yaro ya amsa da jiki kafin ya amsa da baki. Yi a hankali, sannan da sauri, sannan ka ce "Sit down" alhali kai kana tsaye, ka ga wa zai faɗa tarko. Dariyar da za su yi ita ce shaidar sun fara sauraron kalma, sun daina bin motsinka kawai.

Alamar shiru ta fi komai muhimmanci. Zaɓi guda ɗaya, misali tafi uku sai kowa ya ɗora hannu a gwiwa. Gwada ta sau takwas ko goma a wannan darasin, kuma kada ka ci gaba da magana sai kowa ya yi tsit, ko da jiran zai kai rabin minti. Malamin da ya ɗaga murya kan hayaniya a ranar farko, da ihu zai ƙare zangon. Bulala da ranƙwashi da muka sani a makarantun gida a bar su can: azuzuwa da yawa akwai kyamara, kuma taɓa yaro da sunan horo kan raba mutum da aikinsa.

Sababbin kalmomi

Ɗauki abu ɗaya, kamar launuka ko dabbobi. Ɗaga kati ka faɗi kalmar sau uku su saurara kawai. Manna katunan a bango daban-daban, ka faɗa su nuna da yatsa. Sai su faɗa gaba ɗaya, sai rukuni-rukuni, sai wanda ya ɗaga hannu shi kaɗai. Mai noƙewa kada a tilasta masa. Yara da yawa sukan yi makonni suna tara harshe a kunne kafin bakinsu ya buɗe, kuma tsayar da irin wannan yaro a gaban aji kulle masa baki yake yi.

Ka kula da lafazinka. Bakin Bahaushe yakan cakuɗa p da f, yaro ɗan shekara biyar kuwa abin da ya ji shi zai ɗauka, har ya kai wa iyayensa "fen" a madadin "pen". Riƙe takarda a gaban leɓe ka gwada a gida: p za ta kaɗa ta da ƙarfi lokaci ɗaya, f kuwa sai haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa. Su kuma yaran sukan haɗiye sautin ƙarshe, "like" ta koma "lai", "nice" ta koma "nai". Ja ƙarshen kalmar fiye da kima, ka yi masa alama da hannu, kamar jan yatsa a iska don sautin s.

Kowane aiki minti biyar zuwa bakwai ne, ka kuma canza tun suna jin daɗinsa. Ke nan minti 90 na buƙatar ayyuka goma sha uku zuwa sha takwas, da biyu a ajiye. Jera su ɗaya na tsaye, ɗaya na zaune. Wasannin gudu biyu a jere sukan hargitsa aji, na zama biyu a jere kuma su kawo hamma. A wasan taɓa kati a bango yara biyu kaɗai za su fito lokaci ɗaya, in ba haka ba za a yi karo a fasa leɓe. Wasan da ake fitar da wanda ya faɗi bai dace da waɗannan shekarun ba, domin wanda aka fitar ko dai ya yi kuka ko ya tafi jan gashin wata. Raba aji gida biyu, kana zana musu taurari a allo, ka lallaɓa su tashi kusan kunnen doki.

Minti goma na ƙarshe a zauna a shafa launi, kai kuma kana zagayawa kana tambayar kowa "What colour?" a hankali. Anan ne masu kunya ke buɗe baki. Kyauta ta zama sitika, ban da alewa, tunda ba ka san wanda wani abinci ke yi wa illa ba.

Ga Musulmi, darasin yamma yakan ci lokacin Magariba, musamman da hunturu da rana ke faɗuwa a Hanoi tun biyar da 'yan mintuna. Ka daidaita wannan da shugaban cibiya kafin a fitar da jadawali.

Iyaye na jira a ƙofa. Sa kowane yaro ya faɗi kalma ɗaya kafin ya fita, a gaban mahaifiyarsa in ya yarda. Da sun watse, ka zauna da mataimakiya minti biyar ku rubuta wanda bai ce uffan ba, waɗanda za a raba wa wurin zama, da wasan da ya mutu. Darasi na biyu kuma ka buɗe shi da gaisuwar nan, da tafi ukun nan, a jere ɗaya da na yau.